Kwaikwayon safaktan a iyakar mai da ruwa: lambar ta faɗi ƙasa da sifiri

Hafsat:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina neman wanda zai haska mini wani abu a aikin digirina na biyu. Da manhajar GROMACS nake kwaikwayon yadda safaktan, wato sinadari irin na sabulu mai kai mai son ruwa da jela mai son mai, ke zama a iyakar mai da ruwa. Akwatin nawa faɗinsa nanomita 6 da 6 ne, tsawonsa 20, ruwa a tsakiya, man diken a gefe da gefe, na jera safaktan ɗin SDS a kan iyakokin biyu, kai cikin ruwa, jela cikin mai. Da na sa molekul 40 a kowace iyaka tsaurin iyakar, wato ƙarfin da ke sa ta tsuke, ya sauka, da na sa 70 ya ƙara sauka, da na kai 100 sai lambar ta faɗi ƙasa da sifiri. Abin da aka ɗora mini shi ne in gwada safaktan uku, in faɗi wanda zai kai tsaurin 0.001 mN/m, irin wanda masu haƙar mai ke nema. To tunda tsakanin 70 da 100 lambar ta ratsa sifiri, idan na lalubo adadin da zai ba ni 0.001, shi ke nan na samu amsa?

Auwal:
Wa'alaikumus salam. Kafin manya su iso, ki duba lissafinki. Abin da GROMACS ke fitarwa a bar-nanomita yake, kuma jimillar iyaka biyu ce, tunda akwatin maimaita kansa yake yi ta kowane ɓangare. Ki raba da 2, sannan ki raba da 10, ya koma mN/m.

Hafsat:
Na yi wannan, Yaya Auwal. Diken da ruwa zalla a ɗakin gwaji wajen 52 ne, nawa ma bai yi nisa da hakan ba kafin in zuba safaktan.

Dakta Kabiru:
Lissafinki lafiya lau ne, Hafsat, ba a nan gizo ke saƙar ba. Mu fara da abin da lambar take nufi. Manhajar tana auna matsin da ke tsaye a kan iyaka, ta cire matsakaicin matsin da ke kwance tare da ita, ta ninka da tsawon akwati. Hanya ce da ta samo asali daga aikin Kirkwood da Buff na 1949. Iyakar mai da ruwa zalla tana son ta tsuke, shi ya sa lambar take sama da sifiri. Safaktan kuwa idan suka jeru suna ture juna, kawunansu masu caji iri ɗaya ne, jelolinsu kuma suna neman wuri. Wannan turin shi ke rage tsukewar. Idan turi ya rinjayi tsukewa sai lamba ta koma ƙasa da sifiri.

Yanzu ki yi wannan ɗan lissafin. Faɗin iyakarki 36 ne a nanomita murabba'i. Ki raba wa molekul 100, kowane ya samu 0.36. Shi kuwa SDS idan ya cika iyaka a zahiri, abin da kowane molekul ke ci yana kusa da rabin nanomita murabba'i, wato iyakarki ba ta ɗaukar abin da ya wuce saba'in da 'yan kai. Cusa su kika yi. Tabarmar da ta fi ɗaki girma dole ta tattare, haka shimfiɗar nan take son ta yi, amma akwatin ya yi ƙanƙanta, bai ba ta filin lanƙwasawa ba. Da a kwalba ne, rarar za su bar iyakar su koma ruwa su dunƙule su zama maisel. A kwamfuta lokacin bai isa su fita ba, sai suka zauna a matse.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan. Adadin da ke kan iyaka ke kika zaɓe shi da hannunki. A kwalba sinadarin ne ke zaɓar wa kansa. Kowane safaktan kika ɗauko, ko mafi lalacewa ne, idan kika ci gaba da cusa shi lambar za ta ratsa sifiri. Don haka ratsa sifirin bai bambanta mai kyau da marar kyau ba.

Hafsat:
Na gode Dakta. To in zuba su cikin ruwan kawai, in bar su su hau iyakar da kansu har su tsaya inda suka ga dama?

Dakta Kabiru:
Tunanin daidai ne, amma ki ƙirga. SDS yana fara haɗa maisel ne idan yawansa a ruwa ya kai wajen milimola 8 a kowace lita. Ruwa kansa mola 55 ne da ɗoriya a lita. Ke nan molekul ɗaya na SDS mai yawo shi kaɗai yana cikin molekul na ruwa kusan 7,000. Ko akwatin ruwanki ya kai nanomita 10 ta kowane gefe, wanda ya fi naki girma, masu yawon ba za su wuce biyar ba. Da mutum biyar ba a kafa ƙididdiga. CTAB, wani safaktan ɗin, ya fi muni, domin nasa bai ma kai milimola 1 ba. Ga kuma lokaci: takun kwaikwayo na atam-atam femtosakan 2 ne, sai kin yi taku miliyan 500 kafin ki cika maikrosakan ɗaya, alhali haɗuwa da wargajewar maisel gaba ɗayansa kan kai milisakan ko fiye.

Akwai hanyar zagaye. Ana jawo molekul ɗaya daga iyaka zuwa tsakiyar ruwa a hankali, a auna kuzarin da hakan ya ci, a maimaita a cunkoso daban-daban, sannan a haɗa da lissafin Gibbs na mannewa a iyaka. Ana yi, kuma yana aiki, amma aikin digiri na uku ne.

Auwal:
Dakta, ka manta da maganar hayaniyar matsi.

Dakta Kabiru:
Ban manta ba, ina zuwa. Wannan ma ita ce ta fi kashe maganar 0.001. A akwati mai tsawon nanomita 20, tsaurin 0.001 mN/m daidai yake da bambancin matsi na bar 0.001. Ki buɗe jadawalin matsin akwatinki ki gani, daga taku zuwa taku yana tsalle da ɗaruruwan bar. Matsakaici ne ke cetonmu, shi kuma kuskurensa yana raguwa ne da saiwar lokaci: in kina so ki rage shi sau goma, sai ki tsawaita gudun kwaikwayon sau ɗari. A ce nanosakan 100 sun ba ki kuskuren 1 mN/m. Kafin ki sauko da shi 0.001 sai kin ninka gudun sau miliyan. Idan injinki yana cin nanosakan 100 a rana, kwana miliyan ke nan, shekara 2,700 da wani abu. Duk takardar da kika ga ta kawo lamba irin wannan daga bambancin matsi, ki nemi inda suka rubuta girman kuskurensu.

Injiniya Sani:
Allah ya saka wa Dakta da alheri, ya faɗi da bakinsa abin da in mu muka faɗa sai a ce ba mu son ci gaba. Ni ma'aikacin rijiyar mai ne, bari in faɗi dalilin da ake neman 0.001 ɗin, don ƙanwarmu ta san abin da aka aike ta nema. Bayan an tura ruwa cikin dutse ya koro abin da zai koro, mai da yawa yana maƙalewa a ƙananan ramuka, sau da yawa fiye da rabin abin da ke ƙasan. Tsaurin iyaka ne ke riƙe da ɗigon. Akwai lambar da muke dubawa, ƙarfin jan ruwa a raba da tsaurin iyaka. A tura ruwa na yau da kullum tana wajen ɗaya cikin miliyan goma zuwa ɗaya cikin miliyan, kuma sai an ɗaga ta sau dubbai kafin ɗigon ya saki. Ba za ka ƙara gudun ruwa sau dubu ba, dutsen zai tsage. Abin da ya rage shi ne a karya tsaurin daga ashirin ko talatin zuwa 0.001.

Amma ku dubi abin da kuke sakawa a akwatinku. Diken zalla. Ɗanyen mai sinadarai dubbai ne, da asfaltin, da asid ɗinsa na halitta waɗanda su ma suke hawa iyakar. Ruwan ƙasa cike yake da gishiri da kalsiyam da magniziyam, ga zafi. SDS ɗin da kuke ƙauna, in ya haɗu da kalsiyam sai ya kwanta a ƙasan kwalba. Kuma shi kaɗai ba ya kai tsauri ƙasa sosai, sai an haɗa masa da barasa mai gajeriyar jela irin fentanol da gishiri. Abin da ake turawa rijiya masu jela mai rassa ne, salfet da salfonet, kuma ba molekul iri ɗaya ba ne, gauraye ne. Sannan rabin ciwon kanmu ma ba a iyakar mai da ruwa yake ba, a jikin dutse yake, inda sinadarin ke mannewa ya salwanta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Malama Bilkisu:
Injiniya ya yi gaskiya a kan sinadaran, sai dai bari in ƙara wa Hafsat wani abu daga ɓangarenmu na ɗakin gwaji, domin zai canza yadda take kallon tambayar. Tsauri mai ƙanƙanta irin wannan ba halin safaktan ba ne shi kaɗai. Halin haɗin gaba ɗaya ne: wane mai, wane gishiri, wane zafi. Abin da muke yi shi ne mu jera bututun gilashi, mai da ruwa daidai wa daida a kowanne, safaktan iri ɗaya, gishiri kaɗai ke ƙaruwa daga bututu zuwa bututu. Mu toshe, mu girgiza, mu ajiye. Inda gishiri ya yi kaɗan, safaktan yana zama a ruwa ya haɗiye ɗan mai. Inda ya yi yawa, sai ya ƙaura cikin mai ya haɗiye ɗan ruwa. A tsakani kuma sai ka ga hawa na uku ya fito tsakanin mai da ruwa, ya sha daga nan ya sha daga can. Winsor ne ya tsara waɗannan nau'o'i uku tun 1948, har yau da sunansa ake kiransu. A wannan hawa na tsakiyar ne tsaurin ke faɗuwa warwas, kuma ɗan ƙarin gishiri kaɗan ya isa ya fitar da kai daga wurin.

Ko auna lambar ma ba kullum muke yi kai tsaye ba. Chun Huh ya nuna a 1979 cewa tsaurin yana kusa da 0.3 a raba da murabba'in yawan man da safaktan ya haɗiye gwargwadon girmansa. In ya haɗiye ninki goma, 0.003 ke nan. Da ido da abin awo kake karanta shi a jikin bututu. In ana son tabbaci sai a kai na'urar ɗigo mai juyawa, a ga yadda ɗigon mai ke miƙewa. Saboda haka tambayar "wane safaktan ne zai ba da 0.001" ba ta cika ba, sai an ce a wane gishiri.

Injiniya Sani:
Kin ji ko. Bututu goma sha biyu da mako biyu sun gama abin da kwamfuta za ta shekara dubu biyu tana yi.

Auwal:
Ranka ya daɗe Injiniya, da girmamawa, wannan hukuncin ya yi tsauri. Shekara dubu biyun na atam-atam ne, kuma ba shi kaɗai ne hanya ba. Abin mamakin ma shi ne kamfanonin mai da na sabulu ne suka raya fannin nan. A ɗakin binciken Shell da ke Amsterdam ne Berend Smit da abokan aikinsa suka yi kwaikwayon da ya fito a mujallar Nature a 1990, inda aka ga safaktan sun jeru a iyakar mai da ruwa, maisel kuma sun haɗu da kansu a cikin ruwan, ba wanda ya gina su da hannu. Molekul ɗinsu 'yan ƙwallaye ne kawai da aka ɗaure da juna. Hanyar DPD ma, wadda ita ma da ƙwallaye take kwaikwayo, a Shell aka ƙirƙiro ta a 1992, Hoogerbrugge da Koelman. Español da Warren suka gyara mata tushe a 1995, Groot da Warren na Unilever suka nuna yadda za a ɗaura lambobinta da sinadarai na gaske a 1997. Waɗannan ba don nishaɗi suka kashe kuɗinsu ba.

A tsarin dunƙulawa ana haɗa atam da yawa su zama ƙwallo ɗaya. A tsarin Martini, na ƙungiyar Marrink a Groningen, manyan atam huɗu ne ƙwallo ɗaya, molekul huɗu na ruwa ma haka, taku kuma ya tashi daga femtosakan 2 zuwa wajen 20. DPD ta fi haka sassauci. Da ita za ka zuba mai da ruwa da safaktan a hargitse, ka zauna ka ga hawa na tsakiyar da Malama ta ambata yana haɗuwa a gabanka. Ni shawarata ga Hafsat ta koma DPD.

Injiniya Sani:
To Malam Auwal, lambobin da ke cewa ƙwallon kai yana son ruwa kaza, yana ƙin mai kaza, daga ina kuke samo su?

Auwal:
Ana daidaita su da awon ɗakin gwaji, kamar yadda sinadari ke rabuwa tsakanin ruwa da oktanol, ko tsaurin iyakar mai da ruwa zalla.

Injiniya Sani:
Wato sai Malama Bilkisu ta auna, ku saka, kwamfuta ta maido muku, ku ce ta yi hasashe.

Dakta Kabiru:
Haha, Injiniya ba ya raga wa kowa. Akwai gaskiya a zolayar, amma ba duka ba. Idan ka daidaita da abu ɗaya ka hasaso wani daban, hasashe ne na gaske. Inda nake rabuwa da Auwal shi ne abin da ake zubarwa wajen dunƙulawar. Ruwa ya zama ƙwallo marar fuska, babu haɗin haidurojin. To safaktan masu kan etilin oksaid, irin C12E5, duk halinsu a kan wannan haɗin yake: zafi na ƙaruwa, kan yana sakin ruwan da ya rungume, yana tsukewa, har safaktan ya juya daga son ruwa zuwa son mai. Samfurin da ba shi da haɗin haidurojin ba zai juya da kansa ba, sai ka canza lambobin da hannu a kowane zafi. Gishiri ma haka. Abin da Malama ke juyawa a bututunta shi ne ainihin abin da DPD ta fi rauni a kai. Tana da kyau wajen tambaya irin: in na ƙara tsawon jela, ko na raba ta biyu, ina abin zai karkata? Rekvig da Smit da abokansu sun yi irin wannan da DPD a 2003, a kan jela miƙaƙƙiya da mai rassa. Amma ta ce maka gishiri kaza cikin ɗari, a'a.

Nura:
Ku yi haƙuri, ni sabo ne a fannin. Me ya sa gishiri ke sa safaktan ya ƙaura daga ruwa zuwa mai? Na ɗauka gishiri ruwa kawai ya shafa.

Malama Bilkisu:
Tambaya mai kyau, Nura. Kawunan masu caji suna ture juna, don haka kowane kai yana cin fili fiye da jelarsa. Shimfiɗar da ɓangaren kanta ya fi faɗi dole ta lanƙwasa ta rungume mai, ɗigon mai a cikin ruwa ke nan. In ka zuba gishiri, ayon ɗinsa suna shiga tsakanin kawunan su rage turin, kawunan su matso. In suka matso sosai sai ɓangaren jela ya fi faɗi, lanƙwasar ta juya, a samu ɗigon ruwa a cikin mai. Tsakiyar ita ce inda shimfiɗar ba ta karkata ko'ina ba. Israelachvili da Mitchell da Ninham sun mayar da wannan lissafi a 1976: girman jela a raba da faɗin kai sau tsawon jela. Ƙasa da sulusi maisel mai siffar ƙwallo, kusa da 1 shimfiɗa miƙaƙƙiya, sama da 1 ta juya. Safaktan ɗin AOT mai jela biyu shi ya sa yake haɗa ɗigon ruwa a cikin mai ba tare da mataimaki ba. Shi ne ma ɗaya daga sinadaran da ke cikin Corexit, maganin tarwatsa mai da aka fesa a malalar man Tekun Meziko a 2010.

Dakta Kabiru:
Malama ta kawo mu inda nake so mu zo. Hafsat, ga abin da akwatinki zai iya yi wanda bututu ba zai yi ba. Kada ki nemi ƙanƙantar tsauri, ki nemi lanƙwasa. Ki daidaita faɗin iyakar har tsaurin ya zama sifiri gwargwadon kuskurenki. Manhajar ma za ta yi miki, in kika bar faɗin akwatin yana motsi a matsi ɗaya da tsawonsa. A wannan halin sai ki yanka akwatin siriri-siriri daga cikin ruwa zuwa cikin mai, ki auna bambancin matsi a kowane yanki. Za ki ga wajen kawuna ana turi, daidai mahaɗar mai da ruwa ana ja, wajen jeloli ana turi kuma. Jimillarsu sifiri ce, amma ba a wuri ɗaya suke ba, don haka akwai ƙarfin murɗawa da ya rage. Ki ninka kowane yanki da nisansa ki tara. Abin da ya fito shi ne taurin lanƙwasa sau lanƙwasar da shimfiɗar ke so, a tsarin da Helfrich ya kafa a 1973. Alamarsa kaɗai ta isa ta gaya miki ko shimfiɗar mai take son runguma ko ruwa.

Sai ki maimaita a gishiri huɗu ko biyar. Inda alamar ta juya, nan ne kwaikwayonki ke cewa hawa na tsakiya zai fito. Wannan lamba ce babba da hayaniya ba ta cinye ta kamar 0.001, kuma Malama za ta iya ƙaryata ta ko ta gaskata ta da bututunta. Ga safaktan ukun kuma, za ki iya jera su: wane ne ke juyawa da gishiri kaɗan, wane ne sai da mai yawa. Kuma za ki ga dalili da idonki, yadda mai ke kutsawa tsakanin jeloli, yadda jelolin ke karkata, inda sodiyam ke tsayawa. Man da jelarsa gajeriya ce ya fi kutsawa, ya buɗe ɓangaren jela, shi ya sa heksen da heksadeken ba sa juyawa a gishiri ɗaya. Wannan an san shi daga gwaji, amma a kwaikwayo ne kake ganin molekul ɗin a tsaye a wurin.

Abu ɗaya: matsin yanki-yanki ba ya fitowa daga GROMACS na yau da kullum, akwai wani reshe nasa da aka gyara don wannan. Manhajar LAMMPS kuma tana da umarninta.

Hafsat:
Wallahi wannan ya fi abin da na zo nema. Sai dai ina tsoron kai wa mai duba aikina maganar cewa tambayar ce za a canza.

Malama Bilkisu:
Ki kai masa lissafin kwana miliyan ɗin a rubuce, ƙanwata, da ladabi. Malami na gaske zai karɓa. Kuma tunda an yi ta dukan kwamfuta, bari in daki namu ɓangaren. Idan za ki gwada sakamakonki da awon SDS da aka wallafa, ki lura da tsabtar samfurin. SDS yana ruɓewa a ruwa a hankali ya saki dodekanol, shi kuma ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya mamaye iyaka. Alamarsa ita ce jadawalin tsauri ya yi rami dab da inda maisel ke fara haɗuwa sannan ya ɗago. Tun shekarun 1940 aka gane wannan. SDS na kwamfuta tsarkakakke ne ɗari bisa ɗari, na kwalba ba haka ba. Wani lokacin saɓanin daga wurinmu yake. Faɗin da kowane molekul ke ci kuma, awon da na fi yarda da shi na hasken niyutron ne, irin wanda ake yi a cibiyoyin bincike na ISIS a Ingila da ILL a Grenoble ta Faransa.

Auwal:
Tunda atam-atam za ta zauna, wane samfurin ruwa kike amfani da shi?

Hafsat:
TIP3P, da tsarin ƙarfi na OPLS na atam duka, wato jerin lambobin da ke faɗin yadda atam ke ja da ture juna.

Auwal:
Ki sake tunani. Tsaurin saman ruwa na gaske wajen 72 ne. A lissafin Vega da de Miguel na 2007, TIP3P ya ba da wajen 52, SPC/E wajen 64, TIP4P/2005 wajen 69. Aikin iyaka kike yi, bai kamata ki fara da ruwan da ya yi kuskuren 20 a saman kansa ba. OPLS na asali kuma yana da matsala da dogayen jeloli, yana sa su miƙe su daskare a zafin da ya kamata a ce ruwa-ruwa suke. Da diken za ki iya tsira, da heksadeken ba za ki tsira ba. An fitar da gyararren L-OPLS a 2012 saboda wannan.

Dakta Kabiru:
Gaskiya ne, amma a yi hattara da canza ruwa kamar riga. Kowane tsarin ƙarfi da ruwan da aka daidaita shi da shi, CHARMM da nasa TIP3P aka gina shi. In kin canza, ki sake auna diken da ruwa zalla, ki kuma duba faɗin kan SDS kafin ki ci gaba. Sannan tazarar da kike yanke jan da ke tsakanin atam tana taɓa tsaurin iyaka sosai, kuma gyaran da manhaja ke yi na nesa an gina shi ne a kan cewa akwatin iri ɗaya ne ko'ina, naki kuwa hawa-hawa ne. Ko ki tsawaita tazarar, ko ki kunna PME, hanyar lissafin ƙarfin nesa, har ga wannan jan. Ki rubuta abin da kika zaɓa a rahotonki.

Injiniya Sani:
To na sassauto kaɗan. In har za ku iya gaya mini wajen da gishirin zai faɗa kafin a haɗa sabon sinadari a masana'anta, wannan yana da amfani, domin haɗa molekul sabo shi ne mai cin lokaci, ba bututu ba. Amma ga tambayata, Dakta. Ruwan rijiya ba sodiyam kaɗai ba ne. In ta zuba kalsiyam a akwatin, za ka yarda da abin da ya fito?

Dakta Kabiru:
Da taka-tsantsan. Samfuran da muke amfani da su cajinsu a kafe yake, gajimaren lantarkin ruwa ba ya amsawa ya rage jan da ke tsakanin ayon. Sakamakon haka ayon suna manne wa kawunan fiye da kima. Ko da sodiyam an ga tsarin ƙarfi daban-daban suna ba da maisel na SDS masu siffa daban saboda wannan kaɗai. Kalsiyam mai caji biyu ya fi tsanani: in ya kama kai biyu ya haɗa su, zai iya ƙin saki har gudun ya ƙare, ba ka san ko halinsa ne ko lokaci ne bai isa ba. Maganin da ake yi yanzu shi ne rage cajin ayon. A ka'ida a ninka da 0.75, samfurin Madrid na 2019 kuma ya ɗauki 0.85 tare da ruwan TIP4P/2005.

Auwal:
In ka rage na kalsiyam da sodiyam, dole ka rage na kan salfet ɗin ma, in ba haka ba akwatin ya tashi da ragowar caji. Kuma kan salfet ba a daidaita shi da ragaggen caji ba.

Dakta Kabiru:
Haka ne, kuma nan ne kowace ƙungiya ke yin nata. Ni da zan ba Hafsat shawara, ta gama jerin sodiyam kuloraid tukuna da cikakken caji, ta maimaita gishiri biyu da ragaggen caji, ta ga nawa wurin juyawar ya gusa. In ya gusa kaɗan, ta taɓa kalsiyam. In ya gusa da yawa, wannan kansa babi ne a kundinta.

Malama Bilkisu:
In ta zaɓi mai da zafin da za ta tsaya a kai, ta turo mini. Sai dai ta sa butanol ko fentanol a akwatin tun yanzu, domin SDS shi kaɗai ba zai ba ni hawa na tsakiya a bututu ba, ba abin da zan gwada nata da shi.

Hafsat:
Diken, digiri 25. Barasar nawa zan sa a kan kowane SDS, Malama?

Malama Bilkisu:
Wadda na zuba a bututu ba ita ce ke kan iyaka ba, wani kaso yana narkewa a mai, wani a ruwa. Ki zuba ta cikin man ki bar ta ta rarraba kanta. Ita ƙarama ce, tana shiga tana fita da sauri, ba kamar SDS ba. Dakta, nanosakan ɗari biyu za su ishe ta?

Dakta Kabiru:
Ta riƙa ƙirga adadin da ke kan kowace iyaka tana zana shi da lokaci. In layukan iyakokin biyu suka haɗu suka kwanta, ta fara ɗaukar awo daga nan.